Gashin Ciwon Dajin Hanta Daga Ciki: Tambayoyi Da Amsoshi Ga 'Yan'uwa Mazauna Makka Da Jidda

Ina aiki a sashen hoto na wani asibiti a Jidda. Da yake ina jin Hausa da Larabci, duk sanda aka kawo ɗan'uwanmu da bayanin likita ya shige masa duhu, ni ake kira in yi tafinta. Tambayoyin nan su ne na fi ji daga bakin masu ciwon dajin hanta da masu jinyarsu, mutanen Shari'a Mansur da Hindawiyya a Makka, da na Karantina da Sabil a nan Jidda, har da baƙi daga Kano da Maraɗi. Na rubuta su ne don ku shiga wurin likita da fahimta. Shi ya ga hoton marar lafiyarku da sakamakon jininsa, hukunci yana hannunsa.

Likita ya ce za a yi wa Baba gashi daga ciki. Mene ne wannan?

Hanta ta bambanta da yawancin kayan ciki a abu guda: jini yana shigar mata ta hanya biyu. Akwai babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji, ita ke kawo kusan kashi 75 cikin 100 na jinin hanta. Sauran yana zuwa ta wata jijiya da ta samo asali daga babbar jijiyar zuciya. Kamar gidajenmu na Jidda ne da ke da famfon gwamnati, kuma motar wayit na kawo musu ruwa. Lafiyayyen naman hanta ya fi dogara da hanya ta farko, shi kuwa ƙarin daji kusan duk abincinsa ta hanya ta biyu yake samu.

A nan likitoci suka sami ƙofa. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu, a bi da shi har reshen da ke shayar da ƙarin, sai a saki miliyoyin ƙananan ƙwayoyi na gilashi ko na roba, akasarinsu ba su kai kaurin silin gashin kai ba. Kowace ƙwaya tana ɗauke da sinadarin yitiriyom-90 mai fitar da hasken nukiliya. Jini zai kwashe su ya kai cikin ƙarin, su maƙale a ƙananan jijiyoyinsa, su yi ta ƙona shi daga inda suke. Hasken ba ya tafiya da nisa: yawanci kusan milimita 2.5 a cikin nama, iyakarsa milimita 11. Kowace awa 64 ƙarfinsa yana raguwa da rabi, kafin mako biyu ya kusa ƙarewa ƙaf. Ƙwayoyin suna zama a hanta har abada, amma sun zama fanko, ba sa cutarwa.

A takardar asibiti za ku ga an rubuta SIRT ko TARE ko Y-90, duk abu ɗaya ne. Na gilashin sunansa TheraSphere, na robar SIR-Spheres.

Ashe ba irin gashin da ake kwantar da mutum a ƙarƙashin na'ura ba ne?

Wannan ɗan'uwansa ne, daga waje ake harbo shi. A da likitoci suna gudun gasa hanta da na'ura, domin idan aka haske ta gaba ɗaya, lafiyayyen ɓangaren kan lalace kafin ƙarin ya mutu. Kuma hanta ba ta tsayawa wuri ɗaya, duk numfashi sai ta sauka ta hau. Na'urorin yanzu sun rage wannan matsala. Irin gashin da ake kira SBRT yana harbo haske daga kusurwoyi da yawa, duk su haɗu a kan ƙarin, yawanci cikin zama 3 zuwa 5 kacal. Wani lokaci a koya wa marar lafiya riƙe numfashi, ko a ɗaura masa abin da zai danne ciki, ko a dasa 'yan ƙananan alamomi na zinare kusa da ƙarin don na'ura ta riƙa bin sawunsa. Ba a jin zafi yayin da ake yi, kuma mutum ba ya tashi da wani haske a jikinsa.

Wanne ya fi? Ya danganta da girman ƙarin, da yawansa, da kusancinsa da tumbi ko hanji. Ba likita ɗaya ke zaɓa ba. Kwamiti ne ke zama a kan fayil ɗin: likitan hanta, likitan fiɗa, likitan daji, likitan gashi, da mai aiki ta jijiya. Idan ba a kai fayil ɗinku gaban irin wannan zama ba, ku nemi a kai.

Kowane mai dajin hanta ake yi wa?

A'a, kuma a nan ne na fi ganin hawaye. Mutane suna zaton girman ƙarin ne ke yanke hukunci. Gaskiyar magana, lafiyar sauran hantar ta fi shi nauyi. Yawancin masu wannan ciwo hantarsu ta daɗe tana fama, galibi da ciwon hanta nau'in B ko C, har ta ƙanƙance ta yi tabo. Komai ƙwarewar likita, wani abu na hasken zai taɓa naman da ke kewaye. Hanta mai sauran ƙarfi za ta jure, wadda ta riga ta gaji kuwa wannan ɗan taɓin na iya durƙusar da ita.

Likitoci suna auna ƙarfinta da ma'aunin Child-Pugh, mai duba abu biyar: sinadarin bilirubin wanda ke sa ido ya yi ɗorawa, sinadarin albumin, saurin daskarewar jini, taruwar ruwa a ciki, da rikicewar tunani. Daga nan a sa mutum a rukunin A, B ko C. Ɗan rukunin A ƙofa a buɗe take gare shi. Wasu 'yan farkon B ana iya yi musu da taka-tsantsan. Ɗan C, sai dai maganar dashen hanta idan ya cancanta, ko kulawar rage wahala. Idan bilirubin ya haura 2 a ma'aunin mg/dL, yawancin likitoci suna ja da baya, sai idan ɗan ƙaramin yanki kawai za a gasa.

Ana kuma duba ko ciwon ya tsallaka huhu ko ƙashi, domin gashin hanta ba ya bin sa can. Ana duba ko mutum yana iya tashi ya yi hidimar kansa, ko kuwa yini yake a kwance.

Akwai inda wannan magani ya yi zarra. Idan ƙarin ya kutsa cikin reshen jijiyar nan mai zuwa daga hanji ya toshe ta, tsohuwar hanyar da ake kira TACE, wadda ake tura maganin kashe ƙwayoyin daji (kimawi) a toshe jijiya, tana da haɗari, domin an rufe wa hanta hanyoyinta biyu ke nan. Ƙwayoyin yitiriyom ƙanana ne, ba sa datse jinin gaba ɗaya, don haka akan iya amfani da su a irin wannan hali.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, jinkirin wata uku ana yawo tsakanin mai magani da mai magani na iya fitar da mutum daga A zuwa C, alhali ƙarin bai ƙaru sosai ba.

An shigar da mijina ɗakin aiki, ya fito aka ce ba a sa maganin ba tukuna. Wasa suke da mu?

Ba wasa ba ne, Hajiya, haka tsarin yake. Shiga ta farko ta zana taswira ce. Likita zai zura bututun, ya tura ruwan da ke sa jijiyoyi su fito a allo. Idan kina tsaye bayan gilashin nan kina kallo, za ki ga rassan jijiya sun bayyana baƙi ƙirin ɗaya bayan ɗaya, sannan ƙarin ya yi duhu a dunƙule saboda yawan jinin da yake sha. Jijiyoyin kowa da irin tafiyarsu. Wani yana da ɗan reshe da ya zarce tumbi ko farkon hanji. Idan ƙwayoyin suka bi ta nan za su haddasa gyambo mai wuyar warkewa, don haka akan toshe reshen da 'yar ƙaramar waya ko a sauya inda za a ajiye bakin bututun.

Daga nan a tura wani sinadari mai rauni na gwaji, a kai marar lafiya sashen hoton nukiliya a ga inda ya sauka. Babban abin dubawa shi ne nawa ya zarce huhu, domin wasu ƙari suna da ɓarauniyar hanya da jini ke bi ya wuce kai tsaye. Idan abin da ke zarcewa ya yi yawa, kamar sama da kashi 20 cikin 100, akan rage maganin ko a fasa. Da wannan hoton ne kuma ake lissafa adadin da ya dace da shi shi kaɗai.

Maganin ba a ajiye shi a kanti, tunda kullum ƙarfinsa raguwa yake. Daga ƙasar waje ake odarsa da sunan mutum da ranarsa, yawanci mako ɗaya zuwa biyu bayan taswirar. Don Allah kada a saɓa wannan mau'idi. Idan ranar ta wuce, kwalbar ta tashi a banza.

Yaya ranar aikin take?

Zai zo bai ci komai ba na wasu awoyi, yadda aka gaya masa. Ba a cika sa mutum barci mai nauyi ba: allurar kashe zafi a wurin hudar, da ta kwantar da hankali. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Idan ta matsematsi aka shiga, zai kwanta ƙafa a miƙe na 'yan awoyi don kada wurin ya yi jini. Da yawa a ranar suke komawa gida, wasu su kwana ɗaya. Ba a fiɗa, ba ɗinki, gashin kai ba ya zubewa. Ya yi sallarsa a zaune kwana ɗaya ko biyu, kada ya ɗauki kaya mai nauyi har wurin ya kame.

Gidanmu ɗaki biyu ne, ga yara ga mai ciki. Zai cutar da su?

Kusan duk hasken a cikin hanta yake tsayawa, abin da ke fitowa waje kaɗan ne ƙwarai. Duk da haka asibitoci suna ba da sharuɗɗa na kamar mako guda: kada ya rungumi ƙaramin yaro ko ya ɗora shi a cinya na dogon lokaci, mai ciki ta ɗan ba shi tazara, in da hali ya kwana a shimfiɗarsa shi kaɗai. A ranar farko ya kora ruwa sau biyu bayan fitsari, ya wanke hannu da sabulu. Ba sai an ware masa kwano ko kofi ba, kuma ba a hana a shigo gaishe shi. Na ga gidan da aka killace dattijo a ɗaki wata guda, ana tura masa abinci daga bakin ƙofa. Babu likitan da ya ce a yi haka, kuma kaɗaicin ya fi hasken cutar da shi.

Ma'aurata su tambayi likita tsawon lokacin da za su jinkirta ɗaukar ciki. Mai tafiya ta jirgi ya karɓi takardar asibiti, domin na'urorin filin jirgi kan iya jin ragowar hasken.

Wace wahala ke biyo baya, kuma yaushe za mu ruga asibiti?

Gajiya ce kan gaba, tana iya kai mako biyu ko fiye. Sai rashin son abinci, tashin zuciya, ɗan zazzaɓi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Waɗannan suna wucewa. Akan ba da maganin kare tumbi na wasu makonni, a sha shi har ƙarshe.

Ku tafi ɗawari, wato sashen gaggawa, ba tare da jira ba, ko ku kira motar asibiti ta 997, idan ya yi aman jini ko bayan gida baƙi, idan ido ya ƙara yin ɗorawa, idan ciki ya kumbura, idan ya fara sambatu ko barcin rana da wuyar tashi, idan ciwon ciki ya tsananta, ko numfashi ya yi wuya. Raunin da gashi ke yi wa hanta yakan bayyana ne tsakanin mako 4 zuwa 8, lokacin da kowa ya saki jiki. Shi ya sa tahlilin jinin da ake kiran ku a wannan tsakani ba na cika takarda ba ne.

Maganin ciwo kuma: Brufen da Voltaren da danginsu haɗari ne ga mai hanta mai tabo, suna jawo zubar jini da ciwon ƙoda. Panadol ya fi sauƙi, amma yawanci ba a so ya wuce giram 2 a rana, kuma da sanin likita.

Ku gaya mana gaskiya: yana warkarwa?

Ya danganta da matakin da aka tarar da ciwon. Idan ƙari ɗaya ne ƙarami, kuma hanta tana da ƙarfi, ana iya tura haske mai yawa cikin yankin da yake kawai a ƙone shi ƙurmus, kuma wasu suna rabuwa da shi. A binciken LEGACY da aka buga a 2021, an duba mutum 162 masu ƙari ɗaya da bai wuce santimita 8 ba, kusan kashi 88 cikin 100 ƙarinsu ya amsa maganin. A shekarar ce hukumar magunguna ta Amurka ta ba TheraSphere cikakken izini a kan dajin hanta.

Wani lokaci gashin tsani ne zuwa abin da ya fi shi. Ƙa'idar Milan ta 1996 ta ce wanda ya fi cin moriyar dashen hanta shi ne mai ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko uku da kowanne bai wuce santimita 3 ba. Gashi na iya rage ƙarin ya shigo cikin wannan iyaka, ko ya tsare shi yayin da ake jiran hanta. Haka idan aka gasa ɓangaren dama, na hagu yakan girma a hankali har likitan fiɗa ya sami damar yanke mai ciwon.

Idan kuwa ciwon ya yi nisa, maganar ta sauya. Manyan gwaje-gwaje biyu, SARAH a Faransa a 2017 da SIRveNIB a ƙasashen Asiya a 2018, sun gwada shi da ƙwayar maganin daji ta sorafenib. Bai fi ta tsawaita rai ba, sai dai masu gashin sun fi samun sauƙin jiki. Daga baya wani ƙaramin gwaji a Faransa, DOSISPHERE-01, ya nuna cewa lissafin adadi yana da tasiri babba: waɗanda aka auna musu daidai da ƙarinsu sun rayu matsakaicin wata 26.6, waɗanda aka ba adadin gama-gari wata 10.7. Don haka ku tambayi likita kai tsaye: an lissafa abin da ƙarin kansa zai samu? Likitan kirki zai ji daɗin tambayar.

Tun 2020 kuma magungunan ƙarfafa garkuwar jiki, irin atezolizumab haɗe da bevacizumab, sun zama na gaba-gaba ga ciwon da ya yaɗu. Idan an ce muku su za a ba shi maimakon gashi, ba raina ku aka yi ba.

Rai da ajali na Allah ne. Amma duk wanda ya ce muku yana da tabbacin warkewa ɗari bisa ɗari, da farar riga ko da carbi, ku riƙe aljihunku.

An yi hoto bayan wata guda, ƙarin yana nan da girmansa. Aikin bai ci ba?

Kada ku karaya. Gashi a hankali yake aiki, wani lokaci ma wurin kan ɗan kumbura da farko. Abin da likita ke dubawa shi ne ko ƙarin ya daina shan jini, kuma wannan ya fi fitowa a hoton wata uku, wani har shida. Idan AFP ɗinsa, wato alamar dajin hanta da ake aunawa a jini, yana sama tun farko, saukarsa alama ce mai kyau.

Zai iya haɗawa da maganin gida? An aiko mana da sassaƙe daga Najeriya.

Zamzam ya sha, addu'a a yawaita, dabino da zuma daidai kima idan ba shi da ciwon suga. Amma jiƙo da sassaƙe da garin da ba a san abin da ke cikinsa ba, ina roƙonku da girman Allah ku ajiye. Duk abin da aka haɗiya hanta ce ke tace shi. Wani dattijo daga Makka an gama masa taswira lafiya lau, an yi odar maganinsa. Kafin ranar, 'yan'uwa suka sa shi shan wani jiƙo safe da yamma don ya ƙara ƙarfi. Ranar da ya dawo, ina ɗaga ido na ga farin idonsa ya koma ɗorawa, tahlili ya nuna bilirubin ya haura iyaka. Aka fasa, kuma hantar ba ta sake komawa inda za a iya yi ba. 'Ya'yansa ƙauna ce ta sa su, ba mugunta ba, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ɗanyen nonon raƙumi da fitsarinsa da ake sayarwa a bakin hanya su ma a bar su. Suna ɗauke da haɗarin zazzaɓin burusela da cutar numfashi ta MERS da aka fara ganowa a ƙasar nan a 2012. Ƙaho kuma, jinin mai ciwon hanta ba ya saurin tsayawa, kada a yi sai likita ya duba. Maganin ciwon hanta B kuwa, tenofovir ko entecavir, ba a dakatar da shi ko na rana ɗaya da ra'ayin kai.

Azumi da umra fa?

Hanta mai tabo ba ta iya ajiye abinci na dogon lokaci, har ma likitoci suna so mai ita ya ci wani abu kafin barci. Wanda aka yi wa gashi kwanan nan, ko mai ruwa a ciki, kada ya matsa wa kansa. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Umra idan ƙarfi ya dawo babu laifi, a yi ɗawafi da sa'ayi a keke, a guji rana da turmutsutsu.

A ina ake yi, kuma wa zai biya?

Sai manyan asibitoci masu sashen nukiliya da likitocin aiki ta jijiya. Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal, wanda aka buɗe a Riyad a 1975 kuma yake da reshe a Jidda, yana cikin manyan wuraren da ake tura masu dajin hanta da masu neman dashe. A Makka akwai cibiyar daji a Birnin Lafiya na Sarki Abdullah. Ba a zuwa haka kawai, sai da tahwil, wato takardar turawa, daga asibitin da ya fara ganin marar lafiya.

Ɗan ƙasa gwamnati ke ɗaukar nauyinsa. Mai igama kuwa ta'amin ɗinsa, wato inshorar lafiya, shi ne abin dubawa: asibiti zai nemi amincewar kamfanin kafin a yi odar magani, kuma kowace takardar ta'amin tana da iyakar kuɗin shekara. Mai biya daga aljihu ya nemi ƙiyasi a rubuce wanda ya haɗa taswira, kwalbar magani, ranar aiki da hotunan baya, domin aiki ne mai tsadar gaske, kuma wani sai an yi masa sau biyu, dama da hagu. Ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, su suka san hanyar ƙungiyoyin agaji irin Jam'iyyar Zamzam da Jam'iyyar Al-Iman mai kula da masu ciwon daji a Jidda. Kowace da sharuɗɗanta.

Ga mai shirin kawo marar lafiya daga gida da bizar umra: inshorar umra ta larurar gaggawa ce, ba ta ɗaukar irin wannan. Ku fara aiko da hoton CT ko MRI a faifai, da sakamakon jini na kwanan nan, likita ya duba kafin a sayar da gona.

Mu 'ya'yansa, za mu iya kamuwa?

Dajin kansa ba a ɗauka. Amma ciwon hanta B da ke haddasa shi yana bin gida, galibi daga uwa zuwa jariri ko tsakanin yara. Wanda ya kamu yana jariri, kusan 9 cikin 10 cutar na zama a jikinsu shekara da shekaru ba alama. Saudiyya ta sa rigakafinta cikin alluran jarirai a 1989, Najeriya a 2004. Duk wanda aka haifa kafin nan, ko aka haifa a gida ba a kai shi asibiti ba, kada ya ɗauka yana da kariya. Wani babban binciken ƙasa a Najeriya a 2018 ya sami cutar a jikin kusan 8 cikin 100 na manya.

Matansa, 'ya'yansa da 'yan ɗakinsu duk su yi gwajin B da C. Na san abin da ke sa wasu noƙewa: tsoron surutu da maganar aure. Mai ɗauke da B yana aure lafiya idan an yi wa abokin zama rigakafi, jaririnsu kuma a yi masa allura cikin awa 24 da haihuwa. Nau'in C ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12. A kula da aski bayan umra, a ga an ɓare sabuwar reza a gaban ido. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, gubar aflatoksin da ke cikinsu tana ninka haɗarin ga mai ciwon hanta B.

Wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ita, ya sami likitan hanta ya tambaye shi yaushe zai fara hoton ciki da gwajin AFP kowane wata shida. Mu 'yan asalin Afirka akan fara mana tun da ƙuruciya, domin ciwon yana kama mu da wuri, wasu ba su kai shekara 40 ba.